Amsa ga mai tambaya daga Jidda kan shigar ɗansa jami'a

Malam, ka tambaya ko kashi 98 da ɗanka ya samu a sakandare zai ba shi gurbi a Jami'ar Sarki Fahad da ke Zahran. Sakamakon abin yabo ne, Allah ya ƙara albarka, amma jami'o'in Saudiyya suna haɗa shi da makin jarrabawar Ƙudurat (ta gwajin basira) da ta Tahsili (ta gwajin darussan sakandare), kuma a nan ne haziƙan yara suke wuce juna. Kasancewarsa mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya ƙara takura guraben, domin 'yan ƙasa ake fara ba wa. Shawarata, ya sake zana Ƙudurat idan makinsa bai kai 90 ba, sannan ya nemi tallafin karatu na mazauna a jami'a fiye da ɗaya.