Ku Tambaye Mu: Koyon iyo bayan shekara 50

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 52, ina da ƙiba da ciwon gwiwa, ga hawan jini. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, amma ko tafiyar minti 20 na yi sai gwiwa ta kumbura. An ce in gwada iyo, ni kuwa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙuguna ba. Zai yi mini amfani, ko lokaci ya ƙure? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lokaci bai ƙure ba. Ruwa yana ɗauke wa gaɓoɓi nauyi: idan ya kai maka ƙugu, kusan rabin nauyinka kawai ƙafafunka ke ɗauka, idan ya kai wuya kuwa kusan kashi 10 cikin 100 ne. Duk da haka ruwa ya ninka iska kauri kusan sau 800, don haka kowane motsi aiki ne ga tsokar kafaɗa, baya, ciki da cinya, zuciya da huhu kuma suna aiki ba tare da gwiwa ta sha duka ba. Motsa jiki irin wannan, in an dage, yana taimakawa wajen sauke hawan jini, amma kada ka bar maganinka, kuma ka sanar da likitanka kafin ka fara.

Kada ka fara da iyon kansa. Makon farko ka tsaya inda ruwa ya kai ƙirji, ka yi ta tafiya gaba da baya na minti 10 zuwa 15. Daga nan sai numfashi, wanda a ganinmu shi ne rabin karatun: ka shaƙi iska ta baki, ka nutsa fuska, ka fitar da ita a hankali ta hanci har ka ga kumfa, ka ɗago. Maimaita sau 10, ka huta. Yawancin masu koyo riƙe numfashi suke yi, sai ƙirji ya matse, tsoro ya kama su, su ɗaga kai da ƙarfi. Kai kuwa yana tashi ƙafafu ke nutsewa, shi ke sa mutum ya ji kamar ana jan sa ƙasa. Bayan numfashi ya zauna sai kwanciya rigingine a kan ruwa, kunnuwa a ciki, ciki a sama. Sai harbin ƙafa, wanda daga ƙugu yake tasowa, gwiwa ta ɗan saki kawai. Hannu shi ne na ƙarshe.

Ka guji iyon kwaɗo tukuna, domin yadda ake buɗe ƙafa a murɗa ta yana takura wa gefen gwiwa na ciki. Sau 3 a mako, minti 20 zuwa 30, ya isa farawa. Burin dai ka kai minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya. Ka zo da ruwan sha, ana gumi a cikin ruwa ko ba a ji ba. Sannan iyo ba ya ƙarfafa ƙashi kamar tafiya, tunda ƙashin ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana buɗe ciki; wanda ya fito ya cika tumbi ba zai ga ƙiba ta ragu ba. Duk wannan a gaban mai koyarwa ko ma'aikacin ceto.

Tambaya: Ɗana yana da asma. Zan iya barin sa ya koya a rafi tare da abokansa? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, ya koya, amma ba a rafi ba. Masu asma da yawa sun fi jure iyo a kan gudu saboda iskar saman ruwa tana da laima, sai dai warin kulorin mai ƙarfi, wato sinadarin da ake zuba wa ruwan wuraren iyo don kashe ƙwayoyin cuta, kan tayar wa wasu tari, don haka maganin shaƙarsa ya kasance a bakin ruwa. Rafi da kududdufi a ƙasashe masu zafi kan ɗauki tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata, daga baya a ga jini a fitsari. Ga kuma nutsewa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe mutum kusan 300,000 a duniya a 2021. Abokansa ba masu ceto ba ne. Babba ya tsaya kusa da shi inda hannu zai kai. In ya fito a karkata masa kai a share kunne da tawul, kada a cusa auduga.