Mai Sayen Magi Ta Gajiyar da Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ina da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidanmu a Funtuwa. Akwai maƙwabciyata da kullum sai ta zo sayen magi ko gishiri na 'yan canji, ta yi ta ciniki, ta kuma nemi gyara. Wallahi na gaji. Shin dole ne in riƙe irin wannan kwastoma?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki riƙe ta, kuma ki riƙe ta hannu biyu.

Ki duba kantarki. Omo, taliya, madarar gwangwani, duk jarinki ne a kwance. Ba sa biyan haya, ba sa cefane, wasu ma lokacinsu na ƙarewa suna zaune. Sai ranar da wani ya miƙo kuɗi ya ɗauka sannan su koma kuɗi ki sake saro wasu. Wannan mai miƙo kuɗin shi ne kwastoma, kuma wanda ya fi daraja shi ne mai dawowa. Alhajin da ya sayi buhun shinkafa ana gobe Sallah ba lallai ki sake ganinsa ba sai baɗi. Ita kuwa kullum tana juya miki jari, kuma daga bakinta za ki ji wane sabulu matan unguwa suke nema, da wanda suka daina so.

Ki je Kantin Kwari a Kano ki ga yadda manyan 'yan kasuwa ke tarbar baƙi daga Nijar, Chadi da Kamaru. Tun kafin a buɗe dilar atamfa an kawo ruwa, an tambayi iyali, an sa yaro ya riƙe jaka. Sun san baƙon nan in ya ji daɗi, wata mai zuwa da 'yan garinsu zai dawo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta cin ko sisi.

Maganar gyara, ki sa mata iyaka a ranki. Ɗan gishiri a saman awo ba zai karya ki ba. Kayan leda kuwa, ki faɗa mata da fara'a nawa kika saro, za ta gane.

Inda nake so ki tsaya kai da fata shi ne bashi. In ta fara cewa "rubuta, gobe zan kawo", ki tanadi littafi, ki rubuta a gabanta, kada kuma ki ƙara wani sai ta biya na baya.