Dillali ya ce zai sama wa 'yata gurbin ƙwallo a jami'ar Amurka, in biya?

Tambaya: Malam, 'yata shekararta 17, 'yar tsakiya ce a wata ƙungiyar mata a Kaduna. Wani mutum ya ce in ba shi naira miliyan 3 ya sama mata gurbin karatu kyauta a Amurka, kamar yadda Deborah Abiodun ta samu. Ya ce ba sai ta wahalar da kanta da WAEC ba, kuma zai rage mata shekara biyu a fasfo. Filin gadona nake shirin sayarwa, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Hajiya, kada ki taɓa filin nan. Tun da ya ambaci Deborah, bari mu bi sawunta. Ta taso a Ibadan, ta buga wa Rivers Angels, ta je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kosta Rika a 2022. Randy Waldrum, wanda a lokacin yake kocin Super Falcons, wato ƙungiyar mata ta Najeriya, da kuma ƙungiyar mata ta Jami'ar Pittsburgh, ya ga wasanta da idonsa, ta shiga jami'ar a 2023. A shekarar ce ta buga gasar cin kofin duniya, inda aka ba ta jan kati a wasan da suka tashi babu ci da Kanada. Koci ne ke ba da gurbi daga kasafin makarantarsa. Ba haja ba ce da wani zai kasa a Kasuwar Barci.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne maganar WAEC ɗin nan, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin fili. Wai ƙafa ta isa, takarda aikin raggo ce. Ƙarya ce. Kafin yarinya ta taka leda a babban rukunin jami'o'in Amurka, sai NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in, ta tantance sakamakonta na sakandare, darasi bayan darasi, ta kuma binciki ko ta taɓa karɓar kuɗin da ya wuce na ɗawainiyarta a wata ƙungiya. Ita ma jami'ar sai ta ɗauke ta a matsayin ɗaliba, sannan ta ba ta takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibai da ita. Bayan ta isa, idan makinta ya faɗi, benci za ta zauna ko da ita ce tauraruwar ƙungiya. Michelle Alozie, 'yar wasan Najeriya da ta ci Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka a Yulin 2025, ilimin ƙwayoyin halitta ta karanta a Jami'ar Yale, har ta haɗa wasa a ƙungiyar Houston Dash da aikin binciken cutar daji ta yara a asibiti. Jennifer Echegini da ta ci ƙwallon da ta ba Najeriya kofin a kan Maroko, 3-2, ta bi ta jami'o'in Mississippi State da Florida State. Wace ce a cikinsu ta tsallake aji? Na ga yara masu baiwa an cire su daga makaranta saboda irin wannan romon baka, gwiwa ta samu matsala, suka dawo gida ba ƙwallo ba boko. Iyayen da suka sa hannu su ma da laifinsu, a faɗi gaskiya.

Rage shekaru kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar haihuwar da ke fasfo za a gwada ta da ta takardun makaranta, kuma wanda jami'in biza ya kama da takardar bogi zai iya rasa damar shiga Amurka har abada. Sunan 'yarki ne zai ɓaci, shi dillalin ya canza layin waya.

Ki sani kuma kakar jami'o'i daga Agusta take zuwa Disamba, ba ta tsayawa don hutun da FIFA ke warewa na wasannin ƙasashe, sai a yi ta ja-in-ja tsakanin makaranta da ƙasa. Wannan damuwar gaba ce. A yanzu ta zauna ta rubuta WAEC ɗinta, a ɗauki bidiyon cikakkun wasanninta, ita da kocinta su aika wa kociyoyin jami'o'i kai tsaye ta adireshin imel da ke shafin kowace makaranta. Shi kuma mutumin, ki tambaye shi sunan jami'ar da na kocin, ki ce za ki rubuta musu da kanki kafin ki ba da sisi.