Amsa: Ban da siyasa, me Malam Aminu Kano ya yi?

Malama, kin tambaya ko ban da jam'iyyunsa na siyasa, NEPU da PRP, akwai abin da za a tuna Malam Aminu da shi. Ai kafin siyasa malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi, sannan a kwalejin horar da malamai ta Maru. Zamanin Gowon kuma ya riƙe kwamishinan lafiya na tarayya.

Amma ni abin da ya fi taɓa ni shi ne gidansa na unguwar Gwammaja a Kano. Talakawa ke cika shi da ƙorafinsu, yana saurara. Da Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu 1983, bai bar wata dukiya ba. Gidan nan ne ake kira Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero. Ki leƙa ki ga ɗakinsa.