Amsa ga mai son ɗaukar hayar mota a ƙasar waje

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na saurari saƙonka, ka ce za ka je yawon buɗe ido kuma kana son ka ɗauki hayar mota ka tuƙa da kanka. To, ka ba ni kunnenka.

Fara da takarda. Ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun kafin ka tashi, kuma ka riƙe naka na gida tare da shi, don shi kaɗai ba ya aiki. Iri-iri ne ma, gwargwadon yarjejeniyar ƙasashen duniya da aka yi shi a kanta: Japan na yarjejeniyar 1949 take karɓa, in ka je da na 1968 ba za su ba ka makulli ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne hannu. Ingila, Japan, Indiya, Kenya, Afirka ta Kudu, duk ta hagu suke tuƙi. In ba haka ka saba ba, wallahi cikin cunkoso ba ka da matsala, bin na gabanka kawai za ka yi. Haɗarin yana lokacin da titi ya yi fayau. Ka sha mai, ka fito daga gidan mai, babu mota ko ɗaya, sai hannunka ya kai ka inda ya saba ba tare da ka sani ba. Don haka ka riƙe wannan: kai direba, kullum kai ne a kusa da layin tsakiyar titi. Da ka ga kanka a gefen hanya, abokin tafiyarka a tsakiya, to ka kauce, ka gyara nan take. A shataletale kuwa ka shiga ta hagu, ka bari na damanka ya wuce tukuna. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki otomatik, kada ka haɗa wa kanka da canjin giya da hannun hagu. Kuma don Allah ranar da ka sauka daga jirgi kada ka tuƙa, ka yi barci tukuna.

Allon gudu a Ingila da Amurka da mil yake, in ka ga 70, kusan kilomita 113 ne.

Sai kyamara. Rashin ganin ɗan sanda kada ya ruɗe ka. A Italiya akwai unguwannin tsakiyar gari masu alamar ZTL, wato inda aka taƙaita shigar motoci, kana shiga an ɗauki lambarka, bayan wasu watanni takardar tara ta biyo ka har gida, kamfanin hayar ma ya cire nasa a katinka. Tsakiyar Landan ma akwai kuɗin cunkoso. A Amurka in motar 'yan makaranta ta tsaya ta kunna jar wuta, kai ma tsayawa za ka yi. In ɗan sanda ya tare ka a can, zauna cikin mota, hannuwa a kan sitiyari.

Kafin ka ja motar, zagaya ta da bidiyo, kowane ƙwarzane, tayoyi, gilashi, allurar mai. Tambayi nawa ne zai hau kanka a inshorar in an yi haɗari, kuma fetur take sha ko dizal.

Faɗa mini ƙasar da za ka, in ƙara maka bayani. Allah ya kai ka lafiya.