Me ya sa na'urar auna gudun ruwa ke rage zurfi idan teku ta tashi?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani jirgin binciken teku da ke tashi daga Apapa, ni ke kula da kwamfutar na'urar ADCP, wato mai auna gudun ruwa da sauti. Ranar da teku ke kwance muna ganin gudun ruwa har zurfin mita 300, amma da igiya ta tashi sai ƙasan allon ya zama wayam. Ko kwamfutar ce ta lalace? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙyale kwamfutar nan, ba ta da laifi. Aikin kumfa ne.

Na'urar na maƙale ne a ƙarƙashin jirgi, tana harba sauti ta baki huɗu. Sautin ya bugi ƙananan halittu da ɓurɓushin da ruwa ke tafe da su ya dawo, daga sauyin amon take lissafa gudun ruwa hawa-hawa. To idan jirgi ya tunkari igiya, goshinsa ya ɗaga ya faɗo, sai ya danna iska cikin ruwa, kumfar ta silale ta ƙarƙashinsa ta rufe bakin na'urar. Kumfa kuwa tarwatsa sauti take yi. Amon da ke tasowa daga can ƙasa dama da kyar yake isowa, shi ke fara ɓacewa. Ƙara da hayaniyar farfela da ta igiyar kanta.

A gaɓar Legas an fi shan wannan da damina, wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin iskar kudu maso yamma.

Ga gwaji mai sauƙi: roƙi kyaftin ya rage gudu, ko ya juya igiya ta koma bayanku. In zurfin ya dawo, magana ta ƙare. In da hali, mayar da manhajar kan tsarin dogon zango. Zai ƙara zurfi, sai dai awon ba zai kai na da tsafta ba. Ni dai na fi son haka da allo wayam.

Kowace na'ura kuma da iyakarta, gwargwadon kilohaz ɗinta, wato ma'aunin saurin kaɗawar sautin da take harbawa: mai kilohaz 150 kan tsaya tsakanin mita 300 zuwa 400, mai 75 ta kai wajen 700, mai 38 kusan 1,000. Kuma ko teku na kwance, in kun yi nisa inda ruwa ya yi garau, halittun da sautin zai buga sun yi ƙaranci, zurfin zai ragu. Sukan hauro da dare su nutse da rana, don haka kwatanta awon rana da na rana, na dare da na dare.