Me ya sa Turanci ke barin "on" da "into" su kaɗai a ƙarshen jumla?

Wata ɗaliba daga Zariya, mai shirin jarrabawar WAEC, ta rubuto cewa: "Malam, na rubuta The matter must be looked, sai malaminmu ya ƙara into da jan biro. Na kuma rubuta He can be relied on him, ya soke him. Ina kuskurena yake? Sannan yaya zan faɗi 'ba a fafe gora ranar tafiya' da Turanci?"

'Yata, gyaran malaminki daidai ne, kuma kurakuran biyu daga Hausarki suka fito, saboda haka kada ki ji kunya.

Mu fara da ginin jumlar. Kalmomin can, could, may, might, must, shall, should, will da would su ke nuna iyawa, yiwuwa, dacewa ko tilas. Idan karɓau, wato wanda aikin ya faɗa kansa, ya dawo farkon jumla, sai a jera abu uku: ɗaya daga cikinsu, sannan be, sannan siffa ta uku ta aikatau (kalmar aiki), kamar locked. The door must be locked, wato dole a kulle ƙofar. Be ba ta sauyawa a nan, ba a cewa must is ko must been. Idan abin ya wuce, have been ake sawa: should have been locked, ya kamata a ce an kulle ta.

Yanzu ga inda kika yi tuntuɓe. Look ita kaɗai dubawa ce da ido. Look into bincike ne, look after kula ne da yaro ko majinyaci. Ƙaramar kalmar ta manne da aikatau, tare suke ba da ma'ana, don haka ko karɓau ya koma gaba, ita tana nan daram a wurinta. In kika cire ta, ma'anar ta tafi da ita.

Shi kuwa him, kunnen Bahaushe ne ya kawo shi. Mu ba ma barin "da" a rataye. Ba wanda zai ce "mutum ne da za a dogara da" ya yi shiru, sai ya cika da "shi". Haka "a kai" ko "a kansa". Turanci kuma ya riga ya ambaci mutumin da he a farko, sake kawo shi maimaici ne. He can be relied on, a nan ta tsaya. Na fi ganin wannan kuskure a takardun ɗaliban da Hausarsu ta nuna sosai.

Kada ki zaci Hausa ba ta da hanyar faɗin irin waɗannan jumloli masu be. Muna da "a", "an", "aka", "za a", masu ɓoye wanda ya yi aikin. Muna kuma da aikatau mai ƙarewa da -u, wanda masanin nahawun Hausa F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai cikin rabe-raben aikatau da ya yi a 1960. Ki saurari direba da damina yana cewa "hanyar nan ba ta biyuwa", ko tsohuwa ta ajiye tsoka ta ce "ba ta taunuwa". Abin da Turanci ke buƙatar cannot be chewed ya faɗa, mun dunƙule shi cikin kalma guda da korewa. Wannan na cikin abubuwan da nake ƙauna a harshenmu.

Saura karin maganarki. Fafe gora shi ne a yanke bakinsa a ƙwaƙule cikinsa, a jiƙa shi har ɗacin ya fita kafin ya riƙe ruwan sha, aikin da ke cin kwanaki. "Ba a" ɗin nan bai fayyace ko hani ne ko rashin yiwuwa ba, mai fassara ne zai zaɓa. Must not ya yi tsauri, kamar doka ce. Cannot zai nuna abin ba ya yiwuwa sam, alhali ana iya fafewar, ruwan ne dai zai yi ɗaci. Ni should not nake zaɓa, domin nasiha ce: A gourd should not be hollowed out on the day of the journey. Ki lura out ma ba ta rabu da aikataunta ba.